Kafin ki nemi maganin cin abinci, buɗe jakar yaronki



Da za a tambaye ni abin da iyaye mata suka fi nema a kantin maganin da nake aiki a Agege, in aka cire maganin zazzaɓi, zan ce maganin cin abinci ne. Kusan kullum wajen ƙarfe shida na yamma, lokacin da ake kwaso yara daga gidajen reno, sai wata ta shigo da goyo a baya da jakar abinci a hannu, ta ce, "Malama, taimaka mini da abin da zai buɗe masa ciki, yaron nan ba ya cin komai." Wata kuma maganin ƙarin jini take so, wai ta ga ɗanta ya yi fari. A da nakan zuba musu bayani irin na aji. Yanzu abu ɗaya nake fara roƙo, a buɗe mini jakar nan in gani. Wasu su yi dariya, wasu su ɓata rai. Ba na ganin laifin masu ɓata rai, don ni ma an taɓa buɗe mini tawa kuma ban ji daɗi ba.

Yarinyata ta fari ce, sai ku yi mini uzurin rashin kama suna. Hutun haihuwa na mako 12 na samu, wanda dokar ƙwadago ta tanada. Wata shidan da ake ba ma'aikatan gwamnatin Jihar Legas bai shafi irinmu masu aiki a wurin 'yan kasuwa ba. Mahaifiyata ta zo daga gida ta riƙe mini ita har ta kai wata goma, sannan ta ce ita ma tana da ɗakinta, ta koma. A Arewa ba ka rasa kaka ko gwaggo ko maƙwabciyar da za ka miƙa wa yaro. A Legas kowa ya fita nema tun asuba. Haka na kai ta gidan reno, wanda mutanen nan ke kira kiresh.

A lokacin a wani asibiti nake aiki can cikin gari, kuma wanda bai bar Agege kafin shida da rabi ba ya san abin da zai tarar a hanya. Don haka jakar yarinyar cikin minti goma nake haɗa ta. Taliyar yara a fulas, don ita ce ke dahuwa kafin in gama ɗaura ɗankwali. Biskit leda biyu. Lemon kwali ɗaya, wani lokaci biyu. Shayi da madara a fida. Ɗan cincin idan akwai. Jakar takan cika har zif ɗin ya ƙi rufuwa, ni kuma in tafi aiki da natsuwar cewa 'yata ba za ta ji yunwa ba.

Da daddare ake yin yaƙin. In kawo tuwo da miyar kuɓewa ta juya kai. In kawo shinkafa da wake ta furzar. Nono kaɗai take karɓa. Tana da shekara ɗaya da wata takwas na fara lura tafin hannunta ya yi fari, cikin fatar idonta ma haka, ga yawan rigima, ga saurin gajiya. Sannan na kama ta sau biyu tana lasar bango, wata rana kuma da ƙasa a baki. Na san ma'anar wannan tun ina jami'a, amma idan abu a ɗakinka yake sai ka yi ta nema masa wani suna.

Wani dare na dawo da kwalbar maganin cin abinci a jakata. Ni da na san abin da ke cikinta, ni da nake hana wasu. Har na ɗauko cokali. Maigidana ya dube ni ya ce, "Da wata ce ta zo miki da yarinyar nan a wurin aiki, abin da za ki ba ta ke nan?" Na mayar da murfin na rufe.

Washegari muka je wurin wata likitar yara, babba ce, ta girme ni nesa ba kusa ba. Aka yi gwaji, babu zazzaɓin cizon sauro, amma jini ya yi ƙasa, kuma alamu sun nuna ƙarancin ayon ne, sinadarin da jiki ke gina jini da shi. Ta ce, "Daga bakwai na safe zuwa shida na yamma, me ke shiga cikin yarinyar nan?" Na fara lissafa mata abin da nake zubawa a jaka. Ta katse ni. "Ban tambaye ki abin da kike zubawa ba. Me take ci?" Na yi shiru. Sa'a 11 a kowace rana, kwana biyar a mako, wata goma cur, ban san amsar ba.

Na san alƙaluman nan na binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018, cewa kashi 68 cikin ɗari na yara 'yan wata 6 zuwa 59 a Najeriya suna da ƙarancin jini, kashi 37 na 'yan ƙasa da shekara biyar kuma sun tsumbure. Gaskiya ne ba abinci kaɗai ke kawo ƙarancin jini ba, akwai zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da sikila. Amma ni duk lokacin da na karanta, ƙauye nake hangowa da sansanin 'yan gudun hijira. Ban taɓa kawo 'yar ma'aikata biyu, mai jaka cike da kayan kanti, a cikin lissafin ba.

Ranar hutuna ta farko na roƙi mai gidan renon ta bar ni in wuni tare da su. Ta amince, ko da yake na ga ba ta so ba. Yara 14 ne, masu reno biyu. Ina so ki tsaya ki auna wannan, 'yar uwa, ke da ɗa ɗaya ke sa ki zufa a kan cokali uku. Mace ɗaya da yara bakwai, wannan ya yi kashi, wancan ya ciji ɗan uwansa, wata tana kukan uwarta. Duk wanda ya buɗe baki, abin da ya fi saurin rufe shi biskit ne, kuma mu muka kawo shi. Kafin ƙarfe tara yarinyata ta shanye shayinta ta ci leda ɗaya. Goma da rabi ta sha lemo. Da sha biyu aka buɗe fulas, taliyar ta huce ta dunƙule kamar gammo, ta ci cokali biyu ta ture. Mai renon ta gwada sau biyu, wani yaro ya faɗi, ta tashi. Ƙarfe biyu aka shigo da kek da ƙananan ledoji, wani yaro na bikin zagayowar ranar haihuwa, kowa ya samu alawa da lemo. Na tambaya ko hakan na yawan faruwa, aka ce da wuya mako biyu su wuce ba a yi ba. Ƙarfe biyar, saura sa'a ɗaya a zo ɗaukarta, ta ci ledar biskit ta biyu.

Mai renon, wata Bayarabiya mai haƙurin da ban taɓa ganin irinsa ba, ta ga yadda fuskata ta sauya. Ta ce, "Momi, abin da kuka kawo shi muke ba su." Ba ni da abin cewa.

A nan lissafin yake, kuma ba mai wuya ba ne. Cikin yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyu bai wuce ya ɗauki kofi ɗaya na mililita 250 a zama ɗaya ba. Duk abin da ya riga shiga shi ya kama wuri. Na juya bayan kwalin lemon da nake saya na karanta, abin da ban taɓa yi ba duk da kullum ina karanta bayan kwalin magani. Sukari giram 10 a kowane mililita 100, kwalin kuma mililita 200 ne. Giram 20 ke nan, wato ƙaramin cokalin shayi biyar, tunda kowane cokali wajen giram 4 yake ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a rana, in da hali ma ya tsaya ƙasa da kashi 5. Ga ɗan shekara biyu, kashi goman nan bai wuce cokali shida ba. Kwali ɗaya ya kusa cinye rabon yini, ba a zo kan biskit da shayi da kek ba. Ga wanda bai kai shekara biyu ba kuwa, shawarar da hukumar ta fitar a 2023 ita ce kada a ba shi abin sha mai sukari sam.

To yaron da ya wuni a haka, da wane ciki zai ci tuwon dare? A ƙoshe yake dawowa gida. Ƙoshin ne babu abin gina jini a cikinsa.

Masana suna raba abincin yara 'yan wata 6 zuwa 23 gida takwas: nonon uwa, hatsi da doya da dankali da agada, wake da gyaɗa da danginsu, madara da abin da ake yi da ita, nama da kifi da hanta, ƙwai, kayan lambu da 'ya'yan itace masu bitamin A irin su karas da kabewa da mangwaro da gwanda da ganye, sai sauran kayan lambu da 'ya'yan itace. Ana so yaro ya samu aƙalla biyar a rana. Na ƙirga na 'yata na samu uku, nono da madara da hatsi. Taliya da biskit da cincin da nake gani kamar abinci kala uku, fulawa ce ta sauya riga sau uku.

Shayin nan ma da nake ganin gata ne, yana cikin masu laifi. Akwai sinadari a ganyen shayi da ke riƙe ayon ya hana hanji tsotsarsa, madarar shanu kuma ba ta da ayon ɗin kirki, idan ta yi yawa sai ta toshe cikin yaro. Kishiyar shayi a nan bitamin C ne. Ɓarin lemun zaƙi, ko gwanda, ko tumatir a miya, suna taimaka wa jiki ya tsotsi ayon da ke cikin wake da ganye. Ƙullin ɗanɗanon da ke cikin ledar taliya kuwa gishiri ne fal, an auna shi don bakin babba.

Abin da na sauya ba wani abin a zo a gani ba ne. Na daina haɗa jaka da asuba, na koma shirya kayanta tun dare. Ranar Lahadi nakan yi alale mai yawa da kifi a ciki in sa a firji in dai akwai wuta, in dafa wake, in yanka kabewa da alayyahu. Da safe abin da ya rage shi ne ɗumamawa har ya yi tururi. Wata rana faten dankalin Hausa da manja da zogale, wata rana faten wake da agada, wata rana shinkafa mai laushi da hanta da aka daka, sau ɗaya a mako. Dafaffen ƙwai kusan kullum, tana ci da safe. Awara idan na samu mai tsabta. Mazauna Legas muna da gatan kifi da ganyen ugu da busasshen jatan lande, wanda cokali ɗaya na garinsa ke gyara fate. Na lissafa kuɗin lemon kwali da biskit leda biyu, ya sayi ƙwai da ayaba har da canji.

Sai garin kunu. Nakan soya gero da waken soya da gyaɗa kowanne daban, in cire ɓawon waken, in kai niƙa. Ki tsince gyaɗar da kyau, duk wadda ta yi fumfuna ko ta yanƙwane ki zubar, domin fumfunar gyaɗa da masara tana ɗauke da dafin da ke lahanta hanta, kuma suya ba ta kashe shi. Na ajiye gwangwani ɗaya a gidan renon, suna dama mata da rana a kan wuta. Na nuna musu kaurin da nake so, wanda zai tsaya a cokali ba ya zuba. Kunu tsararo ruwa ne kawai ke cika cikin yaro.

Wannan gwangwanin ya warware mini wata matsala da ban taɓa tunaninta ba sai ranar da na wuni a wurin. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce sa'a biyu a ajiye ba tare da zafi ko sanyi ba. Mu kuwa mukan zuba shi shida na safe a ci ƙarfe ɗaya, cikin zafin Legas, a fulas ɗin da murfinsa ya daina kamawa. Wasu gudawoyin da muke ɗora wa haƙori daga nan suke. Yanzu nakan zuba tafasasshen ruwa a fulas ya yi minti biyar, in zubar, sannan in sa abinci yana tururi, kuma na roƙa a ba ta shi kafin sha ɗaya. Na rana kunu ne sabon damu. Ayaba da lemu da ɓawonsu nake kai wa, sai za a ci a ɓare. Mai shayarwa da ke tatsar nono, ki tambaya ko akwai firji mai aiki, don nonon da aka tatsa bai wuce sa'a huɗu a waje.

Akwai abin da na hana a sa mata ko da wani yaro ya kawo: gyaɗa guda-guda, aya, guguru, alawa mai tauri, inabi ba a tsaga ba, dabino da ƙwallonsa. A ɗakin da ido biyu ke kallon yara bakwai, yaro zai iya shaƙewa ba a ji ko motsinsa ba. Na kuma roƙa kada a yi mata ɗura. Na san da ita aka raini da yawanmu, amma toshe hancin yaro a kwarara masa kunu yana iya tura abincin cikin huhu. Mai jariri kuma, zuma sai ya cika shekara ɗaya, saboda wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya kare kansa daga gare ta ba.

Kada in yi miki ƙarya, makon farko wuta muka sha. Ta yi ta kukan lemo, fulas na dawowa kusan yadda ya tafi. Mai renon ta kira ni a waya ta ce tausayi ya kama ta, ko ta ba ta biskit ɗaya? Na ce ta ba ta ruwa da ayaba, ina faɗa zuciyata na karyewa. Yaro kan ƙi sabon abinci sau goma ko fiye kafin ya karɓa, wannan na sani a takarda, amma sau goma a takarda daban yake da sau goma a gabanka. Cikin mako na biyu aka fara ganin gindin fulas. Wani dare ta sa hannu da kanta a tuwon babanta.

Maigida, kai ma ba ka fita ba. Tsarabar da kake shigowa da ita bayan Magariba, yogot mai zaƙi da alawa, ita ke ƙarasa kashe abincin dare. Idan dole sai ka riƙo wani abu, kankana na nan a bakin hanya, kuma a bari sai an ci tuwo.

Da mai gidan renon mun yi rabin nasara. Ta yarda a sa ɗan littafi a jakar kowane yaro, mai reno ta rubuta abin da ya ci da lokacin. Layi uku ne, amma ya fi "ta ci sosai" da ake gaya mini kullum a bakin ƙofa. Ta yarda kuma a daina ba yara kayan zaƙi bayan ƙarfe uku. Maganar bikin haihuwa ce ta gagara. Na kawo shawara a zauren iyaye na WhatsApp cewa a haɗa duk bukukuwan wata a rana ɗaya, wata ta rubuto, wai ko na fi su son 'ya'yansu ne. Na bar maganar. Ledar da aka ba 'yata ana ajiye mini ita, ni nake yanke abin da za a yi da ita.

Maganin ayon kuwa ta sha, don abinci kaɗai ba ya saurin cike ramin da ya riga ya yi zurfi. Wata uku ta yi tana sha bisa awon likita, ba tare da madara ko shayi ba, kashinta ya yi baƙi kamar yadda aka saba gani. Amma gwaji ne ya ce a ba ta, ba idona ba. Ayon idan ya yi yawa guba ne ga yaro, kwalbarsa da ƙwayoyin da ake ba masu ciki a ajiye su inda hannu ba ya kai. Yawancin magungunan cin abincin da ake nema a wurina suna ɗauke da saifroheftadin. Asalinsa maganin ƙaiƙayi da borin jini ne, buɗe ciki gefen aikinsa ne, tare da barci da kasala, kuma ba a ba wa yaron da bai kai shekara biyu ba. Ko ya buɗe cikin, idan abin da ke jakar bai sauya ba, biskit ɗin zai ƙara ci. Abin da ya fi shi amfani kyauta ake bayarwa: ɗigon bitamin A duk wata shida daga wata 6 zuwa 59, da maganin tsutsar ciki daga shekara ɗaya, a makon lafiyar mata da yara da ake yi sau biyu a shekara. Ki tafi da katin awo a ɗora yaron a sikeli. Idan nauyinsa ya tsaya wata biyu ko yana raguwa, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko ga gudawa ta ƙi tsayawa, wannan ya wuce kantin magani, asibiti za ki nufa.

Makon jiya wata ta shigo da ɗanta ɗan wata 16. Ta buɗe mini jakar ba musu. Lemon kwali biyu duk an shanye, ledar biskit, da fulas cike da shinkafa ko taɓawa ba a yi ba. Na ba ta labarin nan a taƙaice, na ce ta cire lemon na mako biyu ta dawo mu auna shi, kuma ba zan sayar mata da kwalbar ba. Ta ce ta gode, ta gyara goyonta. Ta gilashin ƙofa na hango ta ta tsallaka titi, ta ɗan tsaya a gaban kantin maganin da ke kallonmu. Wani ya miƙo mini takardar likita, da na ɗago ban gan ta ba.